Babur ɗin Aro

Mijina mai hoto ne, amma ni ce mai wanki. Mutanen Birnin Gwari ba su san haka ba, ni kuma ban damu su sani ba. Shi ke riƙe kyamara, shi ke cewa a ɗago haɓa kar a ƙifta ido, shi ake gaisarwa a kasuwa. In ya dawo gida ya zaro fim, a tafin hannuna yake sa shi. Maganin wanki ya cinye masa hannu tun muna da ɗa ɗaya. Fatar ta riƙa tsagewa tana ruwa, har ya kai ba ya cin tuwo sai da cokali. Ni kuwa hannuna ya saba da toka da sabulun salo, maganin bai taɓa yi mini komai ba sai baƙin farce.

Ɗakin wankin a cikin gida yake, ɗan ƙaramin ɗaki da a da muke zuba masara. Muka toshe tagar da laka, muka rataya tsohon bargo a bayan ƙofa. In na shiga na rufe, ko hannuna na ɗaga gaban fuskata ba na ganinsa. A cikin wannan duhun nake buɗe fim, in naɗa shi da lalube a jikin wani ƙarfe mai zagaye, in jefa cikin gwangwani in danne murfi. Sai an rufe gwangwanin ake buɗe ƙofa. Daga nan sai magani, kwalba biyu. Lokacin ban san ko harafi ɗaya ba, sai da na yi jikoki na shiga makarantar manya. Saboda haka Maigida ya ɗaura wa kwalba ɗaya jan ƙyalle, ita ce mai fito da hoto, ɗayar kuma baƙin ƙyalle, ita ce mai tsayar da shi kar ya gudu. Agogon bango ma ban iya karanta shi ba, sai ya sa ƙusa ya yi masa zane biyu a gilashi, ya ce in dogon hannun ya tashi daga nan ya kai nan, in zubar.

Ruwan randa kaɗai nake amfani da shi, wanda ya kwana ya yi sanyi. Wannan ita ce dokar da ya fi nanata mini. Hoton a jikin wata 'yar siririyar fata yake manne, in ta jiƙe laushi take yi, ruwa mai ɗumi kuwa narkar da ita yake. In an gama sai a rataye fim a igiya ya bushe. Komai a juye yake fitowa a jikinsa. Baƙin mutum ya koma fari, farar riga ta koma baƙa, haƙora su yi baƙi ƙirin. Sai an haska shi a kan takarda, a ƙarƙashin jar fitilar da muke haɗawa da batirin mota, mutum ke komowa kamanninsa.

Hoto mai kala ya riga ya shigo a lokacin, amma sai an aika fim Kaduna ta hanyar da ta ratsa daji, kuma ba kowace mota ke isa da abin da ta ɗauko ba. Shi ya sa mutanen ƙauye suka tsaya a kan namu, baƙi da fari. A ɗauke ka wannan kasuwar, ka karɓa kasuwa mai zuwa.

Shagon a zauren gidanmu yake, yana kallon hanyar kasuwa. A bangon waje akwai wani faffaɗan katako da muke kira allo. Duk hoton da ya yi kyau, sai a fitar da guda na daban a kafe shi a wurin da ƙaramar ƙusa. Ba a neman izinin kowa, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi. Haushi ma sai in ba a sa ka ba. Na sha jin ƙato da gemunsa yana roƙo a zaure: "Haba Mai hoto, nawa fa? Ko munina ne ya yi yawa?" Ranar kasuwa mutane kan yi cincirindo a wurin, ana nuna wane da wane ana dariya.

Kuma duk wanda ke allon nan mai arziki ne, ba ka ganin matsiyaci ko ɗaya. Dalili kuwa, ba wanda ke tsayawa gaban kyamara da abin da yake da shi. Aro ake yi. Agogo na aro, rediyo na aro, babbar riga ta aro. Mu kanmu muna da tabarau da wata jakar hannu da muke ba mutane su riƙe. In kuwa Maigida ya fita kasuwar Kuyello ko Kutemeshi ya rataya labulensa a jikin bango, abin da samari ke nema shi ne babur ko shanun huɗa. Masu su ba sa hanawa, abin alfahari ne a ce shanunka sun shiga hoto. Duk ɗan ƙasar nan ya san wannan wasan. In ka ga hoton ka san na wane ne shanun, ka yi murmushi ka wuce. Ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa akwai mai kallon da bai san wasan ba, ko ya sani bai damu ba.

A shekarun nan mutanen daji ba su kai yadda suka zama daga baya ba. Hanya suke tarewa, su kora shanu, su ƙwace babur. Ba ma kiran sunansu, "mutanen can" muke cewa mu nuna da haɓa. Mun kuma san suna shigowa kasuwa kamar kowa, su sayi gishiri da taba da batir, su yi salla a sahu ɗaya da mazanmu.

Wata safiya, washegarin kasuwa, ina sharar ƙofar gida na ga gurbi a allo. Ƙusar tana nan, da ɗan yagaggen bakin takarda a jikinta. Na san hoton da ya ɓace, ni na wanke shi. Wani ɗan ƙwadago ne daga wata 'yar unguwa a bayan Kutemeshi, tsaye tsakanin fararen shanu biyu, ya dafa tozon ɗaya. Na faɗa wa Maigida. Ya yi dariya.

"Wata ce ta ƙyasa," in ji shi. "Ki bar mutane su sha soyayyarsu."

Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsayi, sai ga wata mata ta yi sallama a tsakar gidana da hantsi. Goyo ne a bayanta, ƙafafunta duk taɓo. Ban san ta ba. Na ba ta tabarma da ruwa, ta sha kaɗan ta riƙe moɗar a hannu.

"Baiwar Allah, nan ne gidan mai hoto?"

"Nan ne. Ya fita, amma faɗi."

"An ce mini in an taɓa ɗaukar mutum, ana iya sake fitar da shi ko ba ya nan."

"Ana iyawa, in fim ɗin yana ajiye. Wa kike nema?"

Ta kwatanta shi. Tun kafin ta kai kan shanun na gane. Na ce ai ina tsammani an ba shi nasa. Ta ce ya ba kawunsa, kawun kuma ya yi ƙaura. Sai ta ajiye moɗar ta faɗa mini sauran, muryarta ba ta rawa, kamar mai ba da labarin wani gari.

"Da la'asar mutanen can suka zo, yana ɗaure akuya. Hoton yana hannun ɗaya daga cikinsu. Ya ɗaga shi kusa da fuskar maigidana, ya dubi wannan ya dubi wannan, ya ce shi ne. Suka ce ina shanun. Ya ce na aro ne, shi ko ɗan maraƙi ba shi da shi. Suka yi dariya, suka ce kowa haka yake cewa. Suka ce ga hannunka a kan tozo kana cewa ba naka ba. Suka ce ya taho ya nuna musu inda ya ɓoye su."

"Ya dawo?"

Ta gyara goyonta. "Da ya dawo me zai kawo ni neman takarda?"

Na shiga ɗakin na nemo fim ɗin a cikin kwalin da muke tara su. Ina shirin rufe ƙofa ta ce daga waje, "Yaya, in da hali ki cire mini shanun." Na yanki kwali na tare gefe da gefe a ƙarƙashin fitila, shi kaɗai ya fito. Amma hannun ba yadda zan yi da shi. Ya fito a ɗage, yana dafe da babu. Ta karɓa ta duba, ta naɗe a bakin zane ta tafi.

Da Maigida ya dawo ban bar shi ya cire takalmi ba. Na faɗa masa duka, na ce ya ɗauko guduma ya sauke allon nan yanzu. Ya zauna a bakin randa. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta, yana duban ƙofar zaure.

"In na sauke shi yau, gobe kowa zai tambayi dalili. Wanda ya cire hoton nan zai san na gane. Kuma ya san ƙofar gidan nan, ya san hanyar da yaranki ke bi zuwa makaranta."

"To ka je ka faɗa wa mai unguwa."

"In ce masa me? Wa zan nuna? Kin san waɗanda ke zama a zaurensa duka?"

"To ka daina kafa masu aro."

"A hankali. In allon ya sake fuska rana ɗaya, shi ma magana ne."

"A hankalin nan naka mutum nawa zai ci?"

Ba mugu ba ne mijina, Allah ya jiƙansa, tsoro ne ya kama shi ta gaba da ta baya. In ya sauke allo akwai magana, in ya ƙi ɗaukar masu aro ba mai zuwa shagonsa. Ya rage kafa sababbi, gaskiya ne, amma bai daina ɗauka ba.

Daga ranar na zama mai gadin labule. Duk ranar kasuwa sai in tsaya a bayan labulen zaure ina leƙen masu kallon allo. Da can dariyarsu nake ji. Yanzu wanda ba ya dariya nake nema. Wani ya daɗe a tsaye, sai in ƙura masa ido, can kuma sai ya kira abokinsa ya nuna masa surukinsa. Wani ya kai yatsa kusa da hoto, in ce cirewa zai yi, ashe ƙuda yake korewa. Na zargi mai gawayi, na zargi mai gyaran keke, har ladanin unguwarmu sai da na zarga. Ban kama kowa ba. Abin da na samu shi ne na daina iya kallon fuskar maƙwabtana yadda na saba.

Ina da ƙane, shi ne autanmu. Uwarmu ta rasu yana rarrafe, a bayana ya girma. Ya koma gonar babanmu a wajen Kuyello, abin da ya mallaka duniya fartanya ne da wani keke marar birki. A shekarar nan yana neman aure. Wata ranar da Maigida ya dawo daga kasuwar Kuyello, sai ga su tare, auta yana riƙe masa jakar kyamara yana taku kamar wanda aka naɗa.

"Yaya, yau ki wanke hannu da kyau. Babban mutum za ki wanke."

"Babban mutum da kaushi har gwiwa? Me aka ɗauka?"

"Ni da babur. Sabo fil, ko ledar kujera ba a cire ba."

"Na uban wa?"

"Na ɗan mai shagon bakin kasuwa. Ya ara mini. Ki ga yadda na riƙe kan nan, wallahi kamar a kai aka haife ni."

Na dubi Maigida. Ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi da ba ta ɗaure ba.

"Matsa mini ya yi," ya ce. "Kin san angon naki."

Na zaunar da auta na ba shi labarin matar nan, ban rage komai ba, har hannun da ya fito yana dafe da babu. Ya cire hula ya sosa kai. Na ɗauka maganar ta shige shi.

"Allah ya bayyana shi," ya ce. "Amma Yaya, wannan can Kutemeshi ne. Ni duk Kuyello an san ko akuya ba ni da ita."

"Shi ma duk garinsu an sani."

"Ke dai kin faye tsoro. Ɗaya zan ba yarinyar nan, ɗaya in ba abokaina, ɗaya kuma a saman allo, inda in mutanen gidansu suka zo kasuwa za su gani."

"Ba zan kafa ba," in ji Maigida.

"Ba komai, Mai hoto. Ai na san inda ake sayar da ƙusa."

Ya fashe da dariya, Maigida ma ya ɗan taya shi don kunya. Ni ban yi ba. Na miƙa hannu aka sa mini fim.

Na rufe ƙofa na ja bargo. A cikin duhu hannuna ya yi aikinsa shi kaɗai, kaina yana wani wurin. Na riga na yanke shawara. Zan wanke shi daidai, in nemo inda auta yake, in sa farce in karce fuskar tun fatar tana da laushi. In ce ƙura ce ta hau. Zai yi fushi na kwana biyu ya huce. Na zuba mai jan ƙyalle, na girgiza, na jira hannun agogo, na zubar. Na ɗauraye, na zuba mai baƙin ƙyalle. Ina jin su a tsakar gida, auta yana ba da labarin yadda ya kusa tayar da babur ɗin da gaske ya shiga rumfar mai ƙosai.

Na buɗe gwangwani na warware fim, yana ɗigar ruwa. Na ɗaga shi wajen hasken ƙofa ina neman ƙanena.

Na same shi, amma ba shi kaɗai ba ne. Babur ɗaya ne daga farkon fim har kusan ƙarshe, da 'yar geza a jikin madubi, da ledar kujera tana sheƙi. Mutanen kai ne ke sauyawa. Wannan ya sauka wannan ya hau, layi suka yi masa a kasuwa. Kowa ya riƙe kai, kowa ya ɗora ƙafa ɗaya a ƙasa, kowa ya washe baki. Fuskokinsu fari fat kamar an shafa musu toka, haƙoran baƙi. Na gane wasu. Ga ɗan wata mai daddawa da muke gaisawa, ga wani da ya taɓa kawo mana buhun masara a ka. Mai babur ɗin na gaske kuwa ko inuwarsa babu a ciki. Duk waɗannan za su karɓi hotonsu kasuwa mai zuwa, ya shiga hannun budurwa, ya shiga aljihun aboki, ya hau bangon shagon mai shayi. Ba sai an zo allonmu ba ma.

A can ƙarshen fim akwai wasu daban, wata mata riƙe da tagwaye sababbin haihuwa. Na ɗauko almakashi na datse wannan gefen, na rataye shi a igiya. Sannan na fita tsakar gida. Tukunyar ruwan tuwo tana kan murhu ta fara huci. Na ɗebo a kwano.

"Ruwan zafi kuma, Yaya?" in ji auta. "Wanka za ki yi mini?"

"Wanka zan yi maka."

Maigida ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi kwanon. Ya san abin da ruwan zafi ke yi, shi ya koya mini. Ya buɗe baki, na tsaya na jira shi. Sai ya kau da kai. Na shige.

Ba ya ɗaukar lokaci. Na tsoma fim ɗin na bi shi da babban yatsa. Fatar ta yamutse ta zame kamar yanar kunu, da babur da mutanen duka. Ruwan ya yi baƙi. Na fito da abin a hannuna, garau kamar ledar burodi, na miƙa wa auta.

Ya ɗaga shi sama ya juya. "Ina nake?"

"Ba ka nan."

"Lalacewa ya yi?"

"Ni na lalata shi. Da hannuna, da gangan. Kuma ka ji, kai ma Maigida ka ji: duk fim ɗin da ya shigo ɗakin nan da kayan aro, haka zai fito. In ba ku so, ku nemi mai wanki."

Auta ya jefar da shi a ƙasa. Idonsa ya kawo ruwa don haushi. Ya ce na tozarta shi, ya riga ya faɗa wa yarinyar, ya faɗa wa duk abokansa. Ya ce don na goye shi ba shi ne na haife shi ba. Na ce haka ne, da na haife shi da mari zai sha a kai. Bai ci tuwon ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi tasha.

Maigida kuwa sai bayan ya tafi ya yi magana. Bai ɗaga murya ba, kuma ba asarar ce ta dame shi ba.

"Samarin nan kowa ya ga an ɗauke su," ya ce. "Kasuwa guda ta gani. Me zan ce?"

"Ka ce magani ne ya lalace."

Haka ya faɗa musu kasuwa ta gaba. Ya ce zai sake ɗaukar duk mai so, amma a gaban labule kawai, wai hasken ƙarfen babur ne ke ɓata fim. Wasu suka yarda, wasu suka zage shi suka watse. Mai tagwaye kuwa ya kai mata nata. Ya yi kyau ƙwarai, ta yi ta nuna wa mutane a kasuwa.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da rana tsaka, ina bayan labule na ji sallama a zaure. Wani mai sayen fata ne, mutum mai tsabta, kullum da farar hula, kowa ya san shi a kasuwannin nan. Ba hoto ya zo ɗauka ba. Ya zauna a benci suka gaisa, suka taɓa maganar ruwan sama da tsadar taki. Sai ya ce, kamar abin ya faɗo masa ne kawai:

"Mai hoto, kwana biyu allo ba sabon abu. Na ji an ce na samarin Kuyello bai fito ba."

"Wallahi magani ne ya lalace."

"Assha. Amma na ga na mai tagwaye ya fito. Ba rana ɗaya aka ɗauka ba?"

Ni na datse gefen nan don tausayi, ban taɓa tunanin akwai wanda zai haɗa biyun ba.

"Fim biyu ne," in ji Maigida. "Nata a wani daban yake."

"Ikon Allah. Ashe maganin ma zaɓe yake yi." Ya yi 'yar dariya. "Wa ke maka wanki ne?"

"Ni nake yi."

"Kai da kanka."

"Ni da kaina."

Ta ɗan ramin labule ina ganin gefen fuskar baƙon. Ya juyo ya dubi labulen, ba da sauri ba, kamar mai duba ko ɗinkin ya yi kyau. Ban motsa ba. Can ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce Allah ya kiyaye gaba, a gaida iyali. Da ya fita ya tsaya gaban allo ya ɗan jima, hannunsa a baya, sannan ya wuce.

Maigida ya shigo ya zauna a ƙasa, ya nemi ruwa. Na ba shi. Na ce shi ne ya cire hoton nan? Ya ce bai sani ba, mai yiwuwa surutu ne kawai irin na 'yan kasuwa, mutumin ya saba tambayar abin da ba ruwansa. Na ce mai yiwuwa. Daga ranar yara suka daina zuwa makaranta su kaɗai, ni ke kai su in ɗauko su. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai mun dubi juna kafin wani ya tashi.

Ba mu sauke allon ba. Barin sa muka yi ya mutu da kansa. In rana ta cinye hoton wani mai aro, sai a cire a sa jariri ko tsoho mai carbi. Kafin kaka ta zagayo ba wanda ke tsayawa a wurin sai mata.

Auta ya yi wata da watanni bai tako gidana ba. Yarinyar ta auri wani, wai shi yana da babur na kansa. Daga baya ya zo da wata buƙata ta katin zaɓe, ya tsaya gaban labule da rigarsa mai faci a kafaɗa, fuska a murtuke, aka ɗauke shi. Ni na wanke. Ya auri wata daban. Da abin ya tsananta, gonar Kuyello ta gagari zuwa, ya kwaso iyalinsa ya dawo nan unguwarmu ta Magajin Gari, gida uku tsakaninmu. Yanzu furfura ta cika masa gemu. Har yau in an taru gidan suna yakan nuna ni ya ce, ga wadda ta dafa shi a kwano ta hana shi matar da yake so. Mutane su yi dariya. Ni sai in ce ya matsa ya ba ni wuri in zauna.

Mai sayen fata yana nan shi ma. Ya tsufa, ya bar yawon kasuwanni, yana zama a gindin wata bishiya kusa da masu sayar da albasa. Ban taɓa jin an kama shi da wani abu ba, ban taɓa jin wani ya ambace shi da sharri ba. Ranar da Maigida ya rasu ya zo gaisuwa, ya zauna tare da maza. Duk lokacin da na bi ta wurin sai ya ɗago hannu ya ce, "Sannu Hajiya, ya aiki?" Ban san wane aikin yake nufi ba. Ina amsawa da lafiya lau, in ƙara sauri.